Kaset Ɗin Inna

Ni mace ce mai mantuwa, sai in yi ta neman tabarau alhali yana kan hancina. Amma akwai wani hantsi na ƙarshen bazara a tsakar gidanmu da ke Daura wanda na tabbata ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekara takwas ke nan, kuma har yau idan na tuna shi sai in ji kamar mafarki na yi, har sai na tambayi yayana ya ce mini shi ma yana wurin.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu a zamaninmu ya san muryar wani mawaƙi da ba zan ambaci sunansa ba. Ɗan makiyaya ne daga wani ƙauye can bayan Zango, an ce a bayan shanu ya koyi waƙa, shi ya sa ba ya ihu. Ba ya zuga kowa, ba ya yi wa mai kuɗi kirari. Gurminsa kawai yake kaɗawa a hankali, ya yi waƙar damina, ko ta matafiyi, ko ta mace da ke jiran mijinta ya dawo daga cin rani. Muryarsa sanyi gare ta kamar ruwan randa. Da ya koma Kano aka fara sa shi a rediyo, sai ya zamana babu shagon tela ko motar haya da ba za ka ji shi ba, har cikin Nijar. Mata na daka da shi, direbobi na tuƙi da shi, masu jinya na barci da shi. Yana kan ganiyarsa kuma, rana ɗaya aka daina jin sabuwar waƙarsa. Wasu suka ce asiri aka yi masa, wasu suka ce muryar ce ta dushe. Mu dai mun san ya koma ƙauyensu yana noma.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana da wani kaset nasa da babu mai irinsa a duniya. Ranar sunan Yaya, tun mawaƙin yana saurayi ba wanda ya san shi, ya biyo ta unguwarmu da gurminsa, aka ce ya zauna ya ɗan taya mata hira. A nan take ya shirya wata waƙa ya rera, marigayi Babanmu kuwa ya ɗauka da sabuwar rikodar da ya sayo. Waƙar ba ta taɓa fita kasuwa ba. Inna ta riƙe kaset ɗin fiye da shekara arba'in, a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan akwatinta. Idan zaren ya tsinke ta liƙe shi da jan farce, idan ya warware ta naɗe shi da biro.

Da tsufa ya kama ta sai tunaninta ya fara zubewa. Ta manta sunayen jikokinta, daga baya ta manta namu. Ni da na fito daga cikinta, sai ta dube ni da fara'a ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Abin yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Abinci ma ta daina gane shi, sai in an kunna mata kaset ɗin nan. Da gurmin ya fara, sai ka ga ta gyara zama, ta jawo kwano ta ci, tana motsa leɓe. Mu kuwa muka ga mun samu sauƙi. Kullum sai a ajiye mata koko, a danna rikoda, a ja mata labule, kowa ya kama gabansa. Ni ina koyarwa a firamare, Yaya yana kasuwa, kowa da uzurinsa.

To, ni ce sarkin dabara a gidan. Na ce kaset ɗin nan ya tsufa, bari in kai shi a juye waƙar a waya tun kafin ya lalace. Na roƙi Yaya ya sauke ni wajen masu tura waƙa. A hanya muka tsaya gaisuwar rasuwa, na ajiye kaset ɗin a gaban mota, jikin gilashi, da niyyar minti biyar. Wanda ya san gidan gaisuwa ya san babu minti biyar a cikinsa. Muka fito bayan azahar, ranar bazara ta gama aikinta. Kaset ɗin ya lanƙwashe, zaren ya manne da juna ya zama dunƙule guda. Na tsaya riƙe da shi a bakin titi, na rasa ma kukan da zan yi.

Na sa aka cika mini waya da duk waƙoƙin mawaƙin da ke kasuwa, na kai wa Inna. Ta saurara kaɗan, ta juya fuskarta bango. Rana ta farko ba ta ci komai ba. Ta biyu ma haka, sai kurɓin ruwa. A ta uku muka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, ta fizge allurar, dole muka dawo da ita gida. Likita ya ce idan ta ƙara kwana biyu a haka, sai dai a zura mata roba ta hanci, kuma a shekarunta bai ba mu tabbacin komai ba. 

Washegari na ce wa Yaya ya tashi mu je neman mawaƙin. Muka bi hanyar Zango, muka saki kwalta muka shiga yashi ta wajen Babban Mutum. Ban taɓa ganin ƙasa ta yi shiru irin na ranar ba. Gonaki duk an share su suna jiran ruwa, zafi yana rawa a kan yashi har itatuwan gawo suka zama kamar a kan ruwa suke tsaye. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, sai in lumshe ido in ji gurmi, in buɗe in ga babu komai sai awaki a inuwa.

Muka same shi a gonarsa yana tara kara. Na zaci zan ga wani mutum na daban, sai ga dattijo siriri da malfa, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Amma da ya amsa sallama, sai na gane shi. Muryar tana nan yadda take.

Muka zauna a gindin wata bishiya, Yaya ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma ku yi haƙuri, ni na rantse da Allah ba zan ƙara waƙa ba. Shekara ashirin ke nan."

Yaya ya ce, "Baba, ko za mu iya sanin dalili?"

 Dattijon ya ce wata rana yana wasan biki a can cikin Nijar aka aiko cewa jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani. Yaran da ke rakiyarsa wajen wasa suka karɓi saƙon suka ɓoye, wai kada a ɓata wa masu biki taro, a bari a gama kwana ukun da aka yi alkawari. "Ina can ina sanyaya wa mutane rai," in ji shi, "tawa uwar tana nan tana tambayar ko na iso. Da na zo har an yi sadakar uku. A bakin kabarinta na yi rantsuwar, gurmin kuma na bayar."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa Allah bai yi ni da wannan ba. Na ce, "Baba, taka ta riga ta tafi, Allah ya ji ƙanta. Tamu tana da rai, kuma yunwa za ta kashe ta. Rantsuwar taka za ta dawo da waccan ne?"

Yaya ya daka mini tsawa. Dattijon bai ɗago ba, ya ce kawai, "Ku gaida gida." Muka taso. Har muka iso Daura ina ta cizon yatsa, na san bakina ya ƙarasa abin da hannuna ya fara.

Da hantsi washegari muna shirin mayar da Inna asibiti, sai aka yi sallama a zaure. Yaya ya fita, ya dawo da dattijon a bayansa, an sauke masa ɗan buhun gero daga kan babur. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ga wannan, a dafa a ciyar da mabuƙata goma. Kaffarar rantsuwata ke nan. Tun tuni malamai suka gaya mini akwai wannan hanyar, dalilin binta ne ban samu ba sai jiya." Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. "Bari. Amma akwai matsala. Tun jiya nake neman waƙar nan a kaina, ban same ta ba. Sau ɗaya na yi ta, ina yaro. Ku rera mini farkonta."

Na dubi Yaya, Yaya ya dube ni. Waƙar da ake kunnawa sau uku kullum a gidanmu, babu ɗayanmu da ya iya baiti guda nata. Na ce, "Akwai dai hadari a ciki, da ƙwarya." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Muka fito da Inna muka kwantar da ita a tabarma ƙarƙashin darbejiya. Ta rame, idonta a rufe, fuskarta wajen katanga. Dattijon ya zauna nesa kaɗan, ya tanƙwashe ƙafa. Ba gurmi, sai ya riƙa buga gwiwarsa da yatsu. Ya fara gunguni a maƙogwaro, yana lalube, ya kama wannan karin ya saki, ya kama wancan. Iska ta tsaya cak. Gajimare ya rufe rana, hasken tsakar gidan ya yi laushi, har kaji suka daina tono. Ya sa kalmomin hadari da ƙwarya a wani kari mai daɗi, ya rera a hankali. Ni dai na ji daɗinsa, na ɗauka ma ita ce.

Sai muka ji murya daga tabarma, a shaƙe: "Ba haka ba ne."

Kwana biyar ba ta haɗa kalma uku ba. Dattijon ya matso kaɗan ya ce, "To yaya ne, Hajiya? Na manta. Ki tuna mini."

Inna ta juyo. Ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da malama ke yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Sannan ta buɗe baki, da 'yar muryarta mai rawa:

"Hadari ya haɗo gabas, ɗauki ƙwaryarki mu je gida."

Ta zuba masa ido tana jira. Na ga leɓen dattijon yana motsi, idonsa a rufe, sai ga amshin ya fito masa daga inda ya kwanta shekara arba'in:

"Taka a hankali, ruwa da saura."

Inna ta gyaɗa kai, ta ja baiti na biyu. Haka suka yi ta yi, ita tana bayarwa, shi yana amshi. Mutumin da ƙasa guda ta saurara ya zama ɗan amshin tsohuwar da ba ta san sunan 'yarta ba, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Idan ya kauce ta ce, "A'a," ya gyara. Baiti goma sha ɗaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Wayata tana hannuna tun farko don in ɗauka, wallahi ban tuna da ita ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san inuwar darbejiyar ta matsa daga kanmu ba wanda ya lura.

Ana cikin baiti na bakwai ya yi mini alama da ido wajen kwanon koko. Na matsa na miƙa ludayi. Ta kurɓa tsakanin baiti da baiti, ta sake kurɓa. Da aka kai ƙarshe ta karɓi ludayin da hannunta.

Da zai tafi na roƙe shi ya sake yi in ɗauka a waya. Ya ce, "A'a, 'yata. Kun ga ai ba saurare take so ba, so take a amsa mata. Ku zauna in koya muku amshin, layi ɗaya ne." Muka zauna ni da Yaya, mutum mai furfura da malamar makaranta, muna maimaitawa kamar 'yan aji ɗaya har sai da ya ce ya yi. Bai sake waƙa a bainar jama'a ba, ya koma gonarsa, kuma bara waccan muka ji rasuwarsa.

Inna ta ƙara wata goma sha huɗu a duniya. Kullum sau uku ɗayanmu zai zauna gabanta da kwano, ta bayar, mu amsa. Muryata ba ta da daɗi ko kaɗan, ɗalibaina ma sun sani, amma ba ta taɓa ƙin cin abinci a hannuna ba. Har ta rasu ba ta tuna sunana ba. Sai dai ta daina tambayata daga ina nake, idan na shigo sai ta ce, "Yauwa, kin zo," ta gyara zama.

Abin da na koya bai yi mini daɗin koyo ba. Shekara uku muna danna rikoda muna ja mata labule, muna cewa muna kula da ita, alhali mun bar wa na'ura aikin da yake namu ne. Tsoho ba abinci da magani kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar wanda zai zauna, idan ya yi magana a amsa masa, ko da maganar ita ce ta jiya da shekaranjiya. Wanda tsofaffinsa suke raye ya zauna ya amsa musu tun suna iya bayarwa.