Irin Cittar Tsohuwar Manchok

Shekarar da korona ta sa aka kulle kasuwanni, wani abu ya faru tsakanina da wani abokin aikina wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. A lokacin ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoman citta a Kafanchan. Karatuna na allo ne da ajami, kwamfuta kuwa da furfurata na koye ta a hannun wannan aboki, tsohon malamin makaranta ɗan Madakiya, wanda kowa ke kira Ticha.

Da taro ya gagara, aka ce mu gina shafin intanet inda manoma za su shiga su nemi iri kafin shuka. Kayan aikin da muke ginin da shi ya zo da nasa tsarin rajista a shirye: sunan shiga, imel da kalmar sirri. Mutum na iya ɗaukarsa yadda yake, ko ya ƙera nasa tun farko. A nan muka saɓa.

Ticha ya ce, "Malam, mu ƙera namu. Lambar waya ta zama shaidar mutum. Wa ke da imel a cikin mutanen nan?"

Na ce, "Waɗanda suka fi mu sani ne suka tsara wannan, an gwada shi. Ga damina ta matso."

Ya ce, "In mun ɗora gini a kai, ranar canzawa sai mun tone tushe fa."

Na girme shi, sai ya bar mini. Yau in na tuna, na san ba hujjata ce ta yi nasara ba, furfurata ce.

Tsarin ba ya yarda mutum biyu su yi sunan shiga ɗaya, ga shi masu suna iri ɗaya sun yi yawa, sai na riƙa liƙa wa kowa lamba a ƙarshen sunansa. Ana nan wata tsohuwa ta hawo acaɓa tun daga Manchok. Jikarta ta shigar mata da buƙata, amma ta rikita lambar ƙarshen sunan, ni kuma saboda sauƙi kalmar sirri ɗaya na ba kowa. Irinta ya tafi ga takwararta. Ta zauna a bencinmu ta ce, "Malam, lambar wayata na haddace ta kamar addu'a. Wannan suna mai wutsiya da ka ba ni, ba shi aka kira ranar baftismata ba."

Ticha ya sunkuyar da kai. In aka yi kuskure irin wannan sau biyar, gonaki biyar sun rasa damina.

Muka rushe rajistar gaba ɗaya, ya ƙera sabon tsari a kan lambar waya, kowa da kalmar sirrinsa. Abin da ya cece mu shi ne littafina, inda tun asali nake rubuta sunan kowane manomi da ƙauyensa da lambarsa da ajami. Ni kaɗai ke iya karanta shi. Kwana biyu ina karantowa yana bugawa. In an kira salla ya ce, "Je ka, ina riƙe da layin." Ranar Lahadi ni ma na jira shi ya taso daga coci. Tsohuwa ta samu irinta, ta shuka a kan lokaci.

Bai taɓa ce mini ai ya faɗa ba, ni ma ban taɓa cewa shi ne da gaskiya ba. Maganar ta zauna mini a rai shekaru. Bara da ya aurar da 'yarsa na je Madakiya, na ja shi gefe na ce, "Ticha, zancen rajistar nan, kai ne da gaskiya. Ka yafe mini."

Ya yi dariya har da riƙe kafaɗata. "Malam, tun ranar da ka buɗe littafin nan na yafe maka. Zo ka ci tuwon acca."

Tun daga lokacin, kafin in zaɓi kowane tsari sai na fara duban mutanen da za su shiga ta ƙofarsa, kuma in wanda na girma ya faɗi gaskiya, a ranar nake amsa masa.