Azumin Ƙarshe na Souley

Souley mutumin Tessaoua ne, mai sayar da huluna a bakin titin Burnside, can ƙasar Turawa. In ya ga yaro ba hula cikin sanyi, sai ya kira shi ya kifa masa ɗaya. Dakon kaya ne ya taɓa masa baya, aka rubuta masa ƙwayar kashe zafi, ƙwayar ta kama shi, har ta kai shi ga hodar titi. Abin da ya tsamo shi shi ne methadone, maganin raba mutum da ƙwaya. Kullum da safe yakan je asibiti, a miƙo masa a ɗan kofi, ya shanye a gaban nas, ya wuce sana'arsa lafiya lau. Ba wanda ya sani sai amininsa Amadou.

Sai azumi ya ƙarato. Asibitin ba ya buɗewa sai gari ya waye, maganin kuma na sha ne. Tun daga nan Souley ya rasa sukuni.

"Tambayi Malam mana," in ji Amadou. "Ai marar lafiya an ɗauke masa."

"In ce masa me? Kafin la'asar tsohuwata ta ji a Tessaoua."

"To roƙi nas su ba ka na gida, ka sha da sahur."

"Sarkin shawara. Za su ce sai an duba. Bari dai in gwada ƙarfina."

Haka ya daina zuwa. Gumi ya riƙa karyo masa cikin sanyi, ƙasusuwa kamar ana sara. A sahun salla ƙafafunsa na rawa, yana ganin kamar kowa ya gane. Ya fi tsoron hanyar gida, don ya san lungun da ake sayar da hodar. Sai ya riƙa roƙon Amadou ya raka shi, yana riƙe da hannun rigarsa kamar yaro.

Ranar da aiki ya riƙe Amadou, Souley ya tafi shi kaɗai. Da magariba Amadou ya zo da kunu da dabino, ya yi ta bugun ƙofa. Shiru. Da aka ɓalle ƙofar, aka tarar da shi ba rai, ƙullin hodar a gefensa.

Bayan jana'iza Amadou ya daure ya yi wa Malam tambayar. Malam ya ce:

"Da ya zo, da na ce ya sha."

Allah ya jiƙan Souley, ya karɓi azuminsa.