Gidana Ne Kaɗai Bai Faɗi Ba

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ni birkila ne, ko in ce na taɓa zama birkila, don yanzu gwiwa ta ƙi. Ƙuruciyata a Kano da Abuja na ƙarar da ita ina zuba wa mutane kankare. Da ƙarfi ya fara ja baya sai na tattaro na dawo ƙauyenmu da ke bakin kogi, tsakanin Haɗejiya da Guri, da ɗan abin hannuna da girman kai fal ciki. Allah ya sani ba na raina mutane, amma ina raina ginin ƙasa, kuma a garinmu kowa a ɗakin ƙasa yake kwana.

Mu mutanen fadama muna da al'ada. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana gayyar yaɓe, yau gidan wannan gobe gidan wancan. A kwaɓa ƙasa da ƙafa, a yaɓe bango, mata su kawo fura, ana yi ana tsokanar juna. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ke kiran gayyar. Ni kuwa na ce na gama da wannan wahala. Na haƙa tushe mai zurfi, na ɗaure rodi, na sa aka yi ta shigo mini da siminti a kan babur, inda babur ya gaza a ɗora a kwale-kwale. Har rufin ma na kankare na zuba. Ranar da muke zuba rufin Yaya ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce mini a wannan ƙasa tamu ba a gina abin da ba za a iya ɗauka ba, domin ruwa ya sha tashin kakanninmu. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce masa ai su kakannin namu siminti ne ba su samu ba.

Tun daga nan na daina zuwa gayya. Ba faɗa muka yi da kowa ba, kawai dai bangona ba ya bukatar yaɓe, to me zai kai ni taka laka? Yaya ya aiko sau da yawa, ni kuma kullum da uzurina. Daga baya aka daina aikowa, na ma ji daɗi.

Sai ga shekarar da ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, kogi ya juyo kanmu. Da rana tsaka ruwa ya shigo gari. Kai, ban taɓa ganin abu irin wannan ba! Bango sai ka ga ya jiƙe, ya tsuguna, ya narke kamar an jefa sukari a koko. Rabin gari a kan rufina suka tsira, mata da yara da awaki, har da Yaya da iyalinsa. Zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi: mutane na kuka, ni a zuciyata wani daɗi nake ji, ina cewa yau dai an ga wanda ya yi hankali.

Da ruwa ya janye, dattawa suka yanke shawarar a tashi gaba ɗaya a koma wani tudu kusa da hanyar Haɗejiya. Kowa ya shiga kufansa ya zaro azara, ya cire ƙyaure da kwanon rufi, aka yi ta lodi. Gidajensu sun bi su. Ni me zan zara? Rodi a cikin kankare? Yaya ya same ni a ƙofar gida, ya ce ya kafa mini turaku a fili jikin nasa, in taso mu tafi, ɗaki kwana kaɗan ne a gina mini. Na ce masa gidan da na zuba ƙarfina duka a ciki, gidan da ya ceci gari, shi zan bar wa jemagu in koma laka? Na ce su je, da kansu za su dawo. Ya daɗe yana shafa bangon da hannu, sannan ya tafi.

Ba su dawo ba. Matata ta daure damina ɗaya, sai ta ce za ta je duba 'yarmu da ta haihu a sabon gari, kuma ban ga laifinta da ta zauna can ba. Na rage ni kaɗai a cikin kufai. Ba ladan, ba kukan yaro, ba ƙarar turmi. Ni ne liman ni ne mamu. Ɗakin siminti in babu mutane amsa-kuwwa yake yi, in na yi tari sai in ji kamar wani ya amsa, in juya ba kowa. Na kai har ina yi wa Fulanin da ke wucewa da shanu tayin ruwa, don kawai a yi mini magana. Wallahi na yi kuka a gidan nan ba sau ɗaya ba, amma in Yaya ya aiko cewa filina na nan, sai in ce a gaya masa sai bayan kaka. Kaka ta yi ta zuwa tana wucewa.

Wata damina ruwa ya yanke hanya, wayata kuma ba caji. Wani masunci ne ya ratso da kwale-kwalensa ya yi mini gaisuwa, yana zaton na sani. Haka na ji mutuwar Yayana. Kafin in isa an riga an kai shi. Bayan an shafa addu'a matarsa ta kama hanya ta nuna mini filin. Gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, shi kaɗai ne ba gini, ga turakun nan a tsaye. A tsakiya akwai wani tulin ƙasa. Ta ce duk rani sai ya buga mini tubali ya jera, wai kada in zo a tsaya jira, damina ta narkar da su, rani ya sake bugawa. An nemi filin ya fi a ƙirga, yana cewa na ƙanensa ne, yana hanya.

Da wannan tulin ƙasar aka gina ɗakin da nake rubuto muku wannan takarda a ciki. Mutanen da na ƙi taka wa laka su suka taka mini, babu wanda ya goranta mini ko da da ido, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Ban ce siminti abin ƙi ba ne, sana'ata ce, ya kuma ceci rayuka a gabana. Amma ina jan kunnen duk mai shirin gini a fadama, musamman 'yan'uwana da ke dawowa daga birni: kafin ka zuba kankare, ka tambayi kanka ko za ka iya barinsa ranar da mutanenka suka tashi. Kuma ko bangonka ba ya bukatar yaɓe, in an kira gayya ka je.

An ce mini gidan nawa na nan tsaye, ko tsagewa bai yi ba. Ban koma ba. Bangon ɗakina na yanzu jingine yake da na Yaya, yadda ya so, sai dai in na ƙwanƙwasa ba mai amsawa. Ku taya ni yi masa addu'a.