Kuncin Hagun Saliha

Duk wanda ya san layin masu turara shinkafa a Kura ya san Saliha. Ni kam katanga ce kawai a tsakaninmu, ita ma damina ta cinye rabinta, don haka babu abin da take yi ban gani ba. Ni albasa nake sayarwa, ita kuma ta turara shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta shanya, a kai inji a cashe. Sana'ar da ta gada ke nan wajen uwarta. Amma ba shinkafa ce ta kai sunanta Bunkure da Madobi ba, fuskarta ce.

Wallahi abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mace ta wuni a gaban wuta da hayaƙi, ta haifa har ta aurar, amma fuska sumul, luwai-luwai! Ni da nake zaune a inuwa, tawa kamar ɓawon albasar da nake sayarwa. Na taɓa ce mata, "Yaya Saliha, tsakaninki da Allah, aljanu ne ke miki wanka?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke dai kin cika surutu. Zo ki gani."

Ashe tun tana yarinya ta lura cewa masu turara shinkafa hannuwansu duk kaushi, amma fuskarsu da laushi. Ta ce lallai tururin nan yana da hannu a ciki. Daga nan fa bin diddigi ya shige ta. Ruwan wankin shinkafa me yake yi wa fata? Dusar da ake tarawa a bakin inji fa, in an tankaɗe an kwaɓa da kindirmo? Zuma, man kaɗe, gurji, kurkur, babu wanda ta ƙyale. Doka ɗaya gare ta: ba ta ba kowa abin da ba ta gwada ba, kuma a kuncinta na hagu take gwaji, ta bar na dama don ta ga bambanci. Ranar da ta haɗa tumatir da lemon tsami kuncin ya yi jawur, mijinta Malam Baballe ya ce, "Ke wata rana har taki sai kin shafa." Ta ce, "In zai yi, me zai hana?"

Sannu a hankali mata suka fara sallama da 'yan robobinsu. Wadda duk ta ce fari take so, sai Saliha ta ce, "Ba na sayar da fari. Fatar da ta ƙoshi da ruwa da mai, ita ke haske da kanta." Ba su cika sauraro ba, fuskarta suke kallo su saya.

To, sai ga saukar Alƙur'ani ta autarta Rumaisa ta matso a Islamiyya. Yanzu ai sauka sai da hotuna da kalanda, kowace yarinya so take ta fito fes. Wata ƙawar Rumaisa ta ba ta haɗin man bilicin a robar da ko suna babu, ta dinga shafawa a ɓoye. A gidan mai gyaran fata fa! Da farko ta yi haske, daga baya ƙuraje suka feso, fatar ta ɗaye, baƙin tabo ya kwanta mata a kumatu. A asibiti aka ce ta daina man, ta guji rana, kada ta bar fatar ta bushe, sauran sai haƙuri.

Rumaisa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa ko tsakar gida. Ita ce kuma malaminsu ya zaɓa ta buɗe taron da karatu. Ya aiko cewa in ba ta zo bita ba, dole ya ba wata. Shekaru yarinyar nan tana jan allo da Alƙur'ani domin wannan rana, na ji takaici ƙwarai. Saliha ta lallasa, ta yi faɗa, ta kawo man kaɗe, yarinya ta ture. Ina jiyo ta ta katanga tana kuka tana cewa, "Umma, ba ki san yadda nake ji ba. Ke da ake zuwa kallon fuskarki!"

Washegari da hantsi na leƙa aron rariya, sai na ga Saliha zaune da madubi, ga robar man bilicin nan a cinyarta, tana murza shi a kuncin hagu.

"Innalillahi! Yaya Saliha, kanki ɗaya kuwa?"

"Yi ƙasa da murya," in ji ta. "Yaya zan shafa mata abin da ban gwada a kan irin ciwonta ba?"

Na ce wannan ganganci ne, da fuskar nan take cin abinci. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ci gaba da shafawa kullum, ga zafin wutar turara shinkafa, ai kuwa kuncin ya yi abin da ya fi na 'yarta muni. Masu robobi suka zo, suka kalla, suka ce za su dawo. Har yau wasu ba su dawo ba.

Sai da ya ɗaye sosai sannan ta shiga ɗakin Rumaisa ta zauna, ta juya mata kuncin. Ihun da yarinyar ta yi har gidana. Da la'asar na leƙa, na gan su a tsakar gida kan tabarma, kowacce tana shafa wa 'yar'uwarta man kaɗe da zuma, Rumaisa na sharar hawaye tana bitar karatunta.

Ranar sauka adaidaita ɗaya muka shiga. Babu wadda ta sa niƙabi a cikinsu. Saliha ta zauna a sahun gaba, ta gyara mayafi yadda kowa zai ga kuncin, aka yi ta ƙus-ƙus a kanta. Muryar Rumaisa ta ɗan yi rawa a ayar farko, ta ɗago ta dubi uwarta, daga nan ta miƙe tiryan har ƙarshe.

Tabon Rumaisa ya dusashe, ƙuruciya ta taimake ta. Na Saliha yana nan baƙi ƙirin, babu haɗin da ya ɗaga shi. Ni kuma bakina ba ya shiru. Rannan tana juya shanya na ce, "Wai Yaya, a gwajin nan naki wane magani kika gano?"

Ta ci gaba da jan shinkafarta da ƙafa, ta ce, "Gwajin me? Ai magani tun a asibiti aka faɗa mana. Yarinyar ce ba za ta iya fita ita kaɗai ba."