Mai Keji da Angonsa

Mijin yayata mai kiwon ɓeraye ne, kuma ba na ƙaunarsa. Gara in faɗa tun daga farko.

A cibiyar binciken da muke aiki Mai Keji ake kiransa. Da shara ya fara tun yana saurayi, ya koma wankin keji, har aka damƙa masa ɗakin kiwon gaba ɗaya. Aikinsa dai ba a kushe shi: dusar katako sabuwa, kwalaben ruwa a cike, ko ƙuda ba ya gilmawa. Ni a bene nake, ina gwada ɗan guntun kunnen da ake yanka daga kowane ɓera don a san abin da ya gada. Shi ya samo mini aikin, kuma kullum sai ya goranta mini.

Aƙidarsa ɗaya ce: in haihuwa ta lalace, daga mace ne. Shekara da shekaru yayata ba ta haihu ba, shi kuwa ya ƙi ko taka ƙofar likita. Sai jido mata jiƙe-jiƙe masu ɗaci yake yi, yana faɗa a gaban dangi cewa haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Kowa ya san saki yake nufi.

Akwai wani ɓera namiji da ya laƙaba wa suna Ango. Masu binciken sun dasa wa zuriyarsa wani abu da suke kira almakashi, aikinsa ya yanke ƙwayar gado guda ɗaya a cikin hanta kaɗai, ya bar sauran jiki yadda yake. Ango ba ya gajiya da mata, don haka Mai Keji ya riƙa zagayawa da shi keji-keji, yana masa kirari kamar ɗan cikinsa. Sai 'ya'yan suka fara fitowa a tsamure, wasu su mutu kafin yaye. Duk uwar da ta haifi irin waɗannan, sai ya ɗaga ta ta wutsiya ya ce muguwar uwa ce, ya jefa ta a akwatin iska mai guba da ake kashe su da ita. Ya kawo wa Ango sabuwa.

Da abin ya ishi shugabar binciken, ta ce in duba mata ko akwai yankan a kunne, inda bai kamata a same shi ba. Na duba, ga shi nan ɓaro-ɓaro, har a 'ya'yan da ba su gaji almakashin ba. Ta kira Mai Keji ɗakin gwaji ina tsaye.

"Almakashin bai tsaya a hanta ba," in ji ta. "Ya yi yanka har a maniyyin Ango. Da yankan 'ya'yan suke zuwa, daga kunne har wutsiya. Matan nan lafiyarsu ƙalau."

"Ranki ya daɗe, na'ura ma tana ƙarya."

"A cire Ango yau," in ji ta.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. A baranda na tare Mai Keji, keji a hannunsa. "Yaya, ashe namiji ma ana gwada shi?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Auta, da ɓera kike haɗa ni? Ki tuna wanda ya kawo ki gidan nan."

Ana tashi daga aiki na zarce wurin yayata. Na same ta a kicin tana tace wani baƙin jiƙo a kofi. Na kwashe labarin kaf na faɗa mata, na ce ga dama ta samu, ta tsaya kai da fata sai ya je an duba shi kafin ya kore ta a banza.

Ba ta ko ɗago kai ba. "Auta, ni na je tun shekararmu ta biyu. Likita ya ce ba abin da ke damuna."

"Kika yi shiru? Yana ci miki mutunci a gaban mutane?"

"Ya sani. Ranar da na faɗa masa kuka ya yi, ya ce in rufa masa asiri. Ba zai sake ni ba, ke ma ki kama bakinki."

Na ji kamar in kifar da tukunyar jiƙon. Ta hura kofin, ta runtse ido, ta shanye a gabana.