Ragin da Ya Hau Kan Injinan Ban-ruwa

Prisca Edward haifaffiyar Birnin Kudu ce, kuma Firiska mutanen gari suke ce mata. Mahaifinta ya zo daga kudancin Kaduna shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, yana gyaran tarakta, ya zauna har ya rasu. Ita ce ta riƙe mahaifiyarta, Justina, a ɗaki biyu na haya kusa da cocinsu. Prisca mace ce mai gudun magana. Ko canjin naira goma ya yi saura a hannunta, sai ta bi mai shi har bakin titi.

Shekara bakwai tana aiki a shagon Alhaji Sulaimanu mai kayan noma: iri, taki, famfon feshi da injinan ban-ruwa. Ita ta matsa masa har aka buɗe wa shagon shafin sayar da kaya a intanet.

"Ni ban yarda da cinikin da ban ga idon mai saye ba," in ji shi da farko. Daga baya ya sakar mata ragamar. Manoma daga Wurno da Kangire, har da na Bauchi, suka riƙa yin oda ta waya, su biya, a ɗora musu kaya a mota.

Wata Alhamis gab da faɗuwar damina, Alhaji zai tafi Fagam ta'aziyyar yayansa, ya tsaya a bakin shago ya ce mata, "Ragowar irin ranin nan, tumatir da albasa da kankana, ki yi musu ragin kashi talatin cikin ɗari su fita kafin su lalace. Su kaɗai fa."

"To, Alhaji. Allah ya kiyaye hanya."

A shafin akwai jerin kaya, kowanne da ɗan gurbin da ake dannawa a gefensa. Tana cikin zaɓa ɗaya bayan ɗaya masu sayen taki suka cika shagon. Don ta yi sauri sai ta danna rukunin da aka rubuta wa "kayan noman rani" gaba ɗaya, ta rufe kwamfutar. Ta manta cewa ita da hannunta ta sa injinan ban-ruwa a cikin rukunin nan tun bara.

Washegari da hantsi ta ga saƙonnin shigowar kuɗi sun yi yawa. Da ta buɗe shafin, sai ta ga ragin ya hau kan injinan ban-ruwa. An sayi injin shida, kowanne ƙasa da yadda Alhaji ya saro shi a Kano. Nan take ta cire ragin, sau biyu tana kuskuren danna wani wuri. Sannan ta bi sunayen masu sayen. Na huɗu Elvis ne, ɗan ƙanwar mahaifiyarta, mai lambu a bakin rafi.

Nan ne tsoro na gaske ya kama ta. Kuskure daban, wannan daban. Duk wanda ya ga sunan nan zai ce ta jira maigida ya bar gari ne ta karya farashi don ɗan'uwanta. Ta tuna wani akawun gidan mai da aka taɓa ɗauka a motar 'yan sanda kasuwa tana kallo. Ta tuna mahaifiyarta da hawan jininta, da mai gidan hayarsu wanda aminin Alhaji ne.

Ta kira Elvis. "Don Allah ka janye odar nan. Kuskure ne na yi."

"Anti, na riga na sayar da akuyoyina biyu na biya. Ni abin da na gani a shafi na saya."

"Za a ce haɗa baki muka yi."

Ya ce zai yi tunani, ya kashe wayar.

Ta kira Alhaji sau biyar, wayar ba ta shiga. Sai ta rufe shago, ta sa kwamfutar a jaka, ta nufi tasha. Gara ya ji daga bakinta kafin wani ya riga ta.

A motar Gwaram ba ta iya shan ko ruwa ba. Duk tsayawar da direba ya yi ɗaukar fasinja sai ta ji kamar ta sauka ta koma. Ta shirya magana ta rushe ta fi sau goma. Daga Gwaram ta hau mashin zuwa Fagam, hadari yana haɗowa ta gabas, tana rungume da jakar a ƙirji.

Ta tarar da maza cike a ƙofar gida, an dawo daga masallacin Juma'a ana zaman makoki. Ta ja gyale ta rufe kanta, ta raɓa ta shiga wajen mata. Hajiya Huseina, matar Alhaji, tana ganinta ta miƙe.

"Firiska? Lafiya? Gobara aka yi?"

"A'a Hajiya. Ya haƙuri? Alhaji nake son gani, in da hali."

A zaure ya same ta. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ta buɗe kwamfutar a kan tabarma, ta faɗa masa komai yadda ya faru. Sunan Elvis ta fara nuna masa kafin sauran. Ta ce masa ɗan ƙanwar mahaifiyarta ne.

Alhaji ya jawo kwamfutar ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Shi wannan ɗin, kin gaya masa za a yi ragi?"

"Ban gaya masa ba, Alhaji. Na ma roƙe shi ya janye."

"Kada ya janye. Wanda ya biya ya saya, ciniki ya faɗa. Ba zan bi manomi in ce ya dawo min da kaya ba." Ya numfasa. "Asara ce, kuma ta yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Daga yau kada ki ƙara taɓa farashi sai ina zaune a gefenki."

"Na gode, Alhaji. Ku yafe min."

"Tashi ki shiga ciki ki ci abinci. Ruwa zai sauko."

Maganar ba ta mutu nan take ba. Kusan wata biyu, in ta ratsa layin masu taki sai ta ji hira ta yanke, wani ma ya taɓa tambayarta cikin dariya yaushe za a sake yi wa dangi ragi. Ta wuce abinta. Elvis ya aiko wa mahaifiyarta kwandon tumatir da rani, Prisca ta ce a raba wa maƙwabta.

Har yanzu tana shagon. Ta rushe rukunonin nan duka. Duk lokacin da za a yi ragi, Alhaji yakan ja kujera ya zauna, ta karanto sunan kaya da ƙarfi, ya ce e ko a'a, sannan ta danna.