Ludayin Kawu a Babban Mutum

Ana idar da sallar asuba muka bar Daura, ni da ƙanena da wani abokina mai mota. Garin Babban Mutum muka nufa, gaida Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, mai sana'ar shanu. Amma gaskiyar magana, don ƙanen nawa aka shirya tafiyar. Tun da ya dawo daga aikin direba a wata ƙasar Larabawa ya zama wani mutum daban. Ba ya hira, ba ya dariya, abinci ma sai an kai masa ɗaki ya ci shi kaɗai. Wasu suka ce aljanu, wasu suka ce girman kai. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba da magani, ya ce mu riƙa fitar da shi cikin mutane. Inna kuwa kullum tsoronta kada zaman ɗakin nan ya raba ta da ɗanta.

Kafin Sandamu muka tsaya wurin mai ƙosai. Jama'a, ƙosan yanzu sai da tabarau! Na ce, "Baiwar Allah, wannan ƙosai ne ko ƙwayar magani?" Ta ce in je in tambayi mai wake. Abokina ya yi ta dariya, ƙanena ko murmushi bai yi ba. Hanya da sauƙi, sai ramuka jefi-jefi, waɗanda abokina ba ya ganinsu sai ya faɗa. Damina dai ta yi albarka, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, ga shanu suna tsallaka titi kamar na ubansu.

Da hantsi muka isa. Kawu ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, maƙwabta suka shigo gaisuwa, aka kawo ƙwarya cike da fura da nono, ludayi ɗaya a ciki. Haka ake sha a gidansa, ka sha ka miƙa wa na kusa da kai. Da ludayi ya iso kan ƙanena, sai ya janye hannu, ya ce a taimaka masa da kofi daban.

A wurin Kawu, ƙin ludayinsa zagi ne.

"Kai, yaro," in ji Kawu, "ka je ka ga Larabawa, yanzu bakinmu kake ƙyama?"

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai ga muryar ƙanena ƙasa-ƙasa.

"Kawu, ni ake ƙyama. A gidan da na yi aiki, a bayan ƙofa ake ajiye kofina. Ranar da na manta na sha da nasu, a gabana aka jefa shi a shara. Yaransu bawa suke kirana, saboda ni baƙi ne. Gudu nake kada in ɓata muku ludayi."

Mu da muke kwana gida ɗaya da shi ba mu taɓa jin wannan ba.

Sai Kawu ya cika ludayi ya ce, "Ungo. Sha, ka rage mini." Ƙanena ya kurɓa. Kawu ya karɓa, ya juyo daidai inda bakin ƙanena ya taɓa, ya shanye. Wani dattijo maƙwabci ya ce shi ma sauran ƙanena zai sha. Shi ke nan fa, kowa ya ce sai ƙanena ya kurɓa masa tukuna, har ƙanen nawa ya ce su yi masa rai cikinsa zai fashe. Ga hawaye, ga dariya.

Bayan la'asar muka juyo da kyautar man shanu. Ban ce ya warke ba, yana nan yana shan maganinsa, kuma zai koma wurin likita. Amma na gane wulaƙanci ciwo ne mai bin mutum har gida, kuma ba kowane mai shiru ne mai girman kai ba. Allah ya saka wa Kawu da alheri, ya bar mana shi.

Ana kiran magariba muka shigo Daura. Inna ta zuba tuwo za ta kai masa ɗaki kamar kullum, sai ya ce, "Inna, bar shi nan. Da Yaya zan ci."

Ta ajiye kwanon ta shige madafi. Muna jiyo ta tana kuka tana hamdala.